Ba Saye Muka Yi Ba

Modi na tsinta a Ramin Kura,
saman tirela, ana lodin kankana.
Daga ƙasa ake wurgo masa yana cafewa,
tun hantsi har azahar ko ɗaya ba ta fashe ba.
Na ce, yaro, hannun nan ya wuce dako.

Bande kuwa a fadamar Kwalkwalawa,
yana korar tsuntsaye daga shinkafar babansa.
Jifa uku na ƙirga, duk kan kututture guda.
Sai da na sha furar gidansu sau bakwai
kafin tsohon ya ce, “To, amma bayan girbi.”

'Yan unguwa suka ce, “Besbol?
Wane irin wasa ne wannan,
a yi ta gudu don a koma gida?”
Na ce, ai ku ma kullum shi kuke yi.

Ba mu da safar kamu.
Wani baduku ya auna tafin kowa da zare,
ya ɗinka mana da fatar jar akuya.
Sandar duka, tsohuwar taɓarya ce aka fere.

Shekarar fari an cinye mu kamar tuwon suna.
Ta biyu ma haka.
Cika ya yi kuka a bayan mota,
Atto ya koma kabu-kabu, bai waiwayo ba,
har yau safarsa na cikin jakata.

Wani mai hali ya ce, “Koci, bar wahala,
in ɗauko maka gwanaye daga nesa, ka ɗau kofi bana.”
Na ce, Alhaji, inuwar aro ba ta kai la'asar.
Bar ni da dashena da tuluna.

Sai na koya wa Bande ya rage fushi a kafaɗa,
na koya wa Modi karanta idon mai duka,
Cika kuma, haƙuri:
ba kowace ƙwallo ake kai wa sanda ba.

Bana ta biyar.
Jiya waɗanda suka saba yi mana dariya
sun tsaya tambayar sunan mai jifanmu.
Kofin bai zo ba tukuna, wasa biyu suka rage.

Ni dai da asuba zan bi hanyar Wamakko.
An ce akwai wani ɗan bahago can,
shekara goma sha ɗaya,
da ya hana mangwaron makwabta nuna.