Sittin da Huɗu

Birmingham, hantsin Talata, ruwa na dukan tagar shago.
Na sa safar auduga, na jawo fitila kusa,
na riƙe numfashi, don hucin baki kaɗai
ya isa ya rage wa azurfa daraja.
Aikina ke nan: duban kuɗin da ba su san hanyar kasuwa ba.

Sau biyu ake buga su da hatimin da aka goge,
fili ya fito madubi, fuskar ta fito kamar an yayyafa mata raɓa.
Ba su taɓa sayen burodi ba,
ba su kwana a aljihu da mabuɗi ba.
Daga maƙera sai akwati, daga akwati sai wani akwatin.

Saba'in ne ƙarshen tsani.
Shekara tara ina kan kujerar nan, sau biyu na rubuta shi,
kuma duka biyun hannuna ya yi rawa.
An ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.
Nawa idon an mai da shi mudu, har albashi ake biyan sa.

Sai ga Mista Tranter, rigar ruwansa na ɗiga a dandamali,
ya ajiye jan akwati kamar mai ajiye ƙwai.
Rufin gidansa ke yoyo, in ji shi,
masu gyara kuma ba sa karɓar labari.

Na duƙa da gilashi.
Baki lafiya. Harufa a tsaye, ko ƙwarzane babu.
Zuciyata ta fara hawa: sittin da takwas, da tara…
sai na juya ta ga haske.
Can ƙasan haɓar sarauniya, inda madubin ya fi zurfi,
sawun yatsa,
zagaye cikin zagaye, launin shayin da ya huce.

Ban ce komai ba, amma ya ga kafaɗata.
«Maureen ce,» ya ce.
«Maɓalli take nema, ta buɗe, ta ɗauka ta ce kyakkyawa ce.
Kwana uku ban yi mata magana ba.»
Ya kalli hularsa.
«Kwana uku. Ina da lissafinsu har yau.»

Maigidana Pargeter ya leƙo ta saman tabarau:
akwai ruwan da ake tsomawa, wataƙila ya fita,
wataƙila maki ya tashi, fam dubu biyu tsakaninsu.
Tsohon ya yi shiru har agogon bango ya gaji.
Na zaci zai rufe akwati ya koma da abinsa.
Bai koma ba. Yoyo bai san makoki ba.
«Ku sayar,» ya ce. «Amma kada a wanke.»

Na rubuta sittin da huɗu.
Na sa ta cikin roba mai tauri, inji ya liƙe bakin,
yanzu iska ba ta shiga, hannu ba ya kai,
yatsan Maureen ya sami kabarin da ba ya rushewa.
Ran Asabar a gwanjo wani zai yamutsa fuska,
ya nuna tabon, ya nemi ragi,
ya saya da arha abin da ya fi komai tsada a ɗakin.

Da yamma mai kanti ya miƙo mini canji,
kwabbai uku masu ɗumi, fuskokinsu sun suɗe.
Na tuna kwabo mai huji da kakata ke ɗaurewa a bakin zane,
wanda ya ga hannun mai gishiri, mai nama, mai wanzanci.
Da za a kawo shi teburina, ko goma ba zai ci ba.

Na cire safar zuciya, na damƙe su da tafi,
har tashar bas ban saki ba.