Garwa Biyu, Sanda Ɗaya

Ya Allah, ga ni kuma a bakin famfon Garin Malam,
zakaran gidan Falmata bai yi cara ta biyu ba.
Layi ya kai gindin dogon yaro,
famfon yana tari kamar tsoho kafin ya ɗigo.
Ban zo da doguwar addu'a ba.
Ka sani, daga Sabbi na jingine allo na ɗauki sanda.
Da abin da kafaɗa ta koya mini zan roƙe Ka.

Garwa biyu, sanda ɗaya.
In ta gaba ta ɗara ta baya ko da cikin moɗa,
kafin in kai duwatsun Birni ƙugu ya kai ƙara.
Haka rayuwata take, Ubangiji,
kullum wani gefe yana jan wuyana ƙasa.

Shekaranjiya ruwa ya ɗauke a rabin Damagaram.
Mai tuwon Kasuwar Dole ya ce in kawo, zai ninka kuɗi.
Na yi sawu goma sha ɗaya,
ina jin kiran la'asar daga Zango, na ce bari in ƙara ɗaya.
Ɗayan nan ya haifi ɗaya,
sai da rana ta yi ja na tsaya,
na dungura goshi kamar kaza tana tsattsagar gero.
Ni da ke ɗauke da ruwan alwalar mutane.
Ka yafe.

A ranar ce Iya Gaji ta leƙo ta zana,
dala biyar a ƙulle a bakin zanenta,
na yi kamar iska ce ta kira sunana.
Na wuce. Garwar ta yi mini nauyi har dare,
alhali tuni na juye ta.

Amma kuma akwai ɗaya gefen.
Ranar da tausayi ya kama ni, ba na sanin birki:
wannan bashi, wancan don Allah,
in dawo gida aljihu yana kukan sauro.
Zuwaira ta buɗe randa, ta ƙwanƙwasa mini ita da ludayi,
ta ce, inuwar giginya, sannu da zuwa.
Harisu yana jiran kuɗin littafin lakwal,
ya daina tambaya, kallo kawai yake yi,
kallon ya fi tambayar zafi.

To, ina tsakiyar take?
A sanda na san ta,
gumina ya yi mata baƙin tabo, ko a duhu ina lalubo ta.
A zuciya ce nake ɓata.
Ka sa mini yatsa a wurin, ya Mai shiryarwa.
Kada nema ya cinye mini salla,
kada kuma in fake da tasbaha yara su kwana da yunwa.
In yaron nan Kyari ya sake tsallake layi da kurarsa,
Ka riƙe mini harshe daidai tsawon numfashi uku,
sauran zan iya.

Lungunan Birni sun fi hanjin rago murɗiya,
duk da haka ban taɓa kai ruwan wani gidan wani ba.
Ka sa in san hanyarKa kamar haka,
da ƙafa, ba da baki kaɗai ba.

Marigayi Baba Tanimu, da ya ɗora mini sandar farko,
ya tsinko ganye ya jefa bisa ruwan.
Ya ce, wannan ɗan abin shi ke hana shi tambal-tambal,
sai ka yi ta tafiya bai zube ba.
Shekara ashirin da uku ban fasa ba.

Ga garwata ta cika, layi yana gunaguni a bayana.
Ban roƙi a rage mini kaya ba.
Ganye ɗaya nake roƙo,
Ka jefa mini shi bisa zuciya.
Yau gidan Iya Gaji zan fara.