Gashin Ɗan'uwan Raƙumi

A Katako na saye ta, daga dilar gwanjo.
Sha'aibu ya ce dubu huɗu, na ce biyu da rabi,
ya rantse, ya sake rantsewa, ya naɗe mini a leda.
Suwaita ruwan ƙasa, gwiwar hannunta ta sha jiki,
amma daren da na fara sa ta a ƙofar gidan da nake gadi,
sanyin Jos ya zo kamar kullum,
ya laluba, ya rasa ta inda zai shiga.

Fadimata ta dawo hutu daga Vom,
can take koyon duba dabbobi.
Ta juya wuyan rigar, ta karanta ɗan ƙyallen,
ta ce, Baba, ka san gashin wa ke jikinka?
Na ce na tunkiyar Bature.
Ta yi dariya har ta ƙware da shayi.

Alfaka, in ji ta, ƙanwar lama,
dukkansu dangin raƙumi ne, sai dai babu tozo.
Can bayan teku suke, kan duwatsu
da Shere za ta zama tsakuwa a gindinsu.
Ta nuna mini hoto a waya.
Na ga leɓen nan mai tsaga,
na ga wuyan, na ga idon da ke kallon mutum
kamar yana binsa bashi.
Na ce wannan ba sai an gabatar mana ba.

Mutanen wurin, tun kafin baƙi su zo da doki da bindiga,
da ita suke hawa, da ita suke sauka.
Gashinta bargo da igiya, kashinta makamashi,
namanta su shanya shi kamar kilishi.
Sukan ɗaura mata zare ja a kunne,
ranar biki ce a wurinsu.
In ka yi mata lodin zalunci sai ta gurfana,
ko ka doke ta, ko ka roƙe ta,
amsarta yawu ne a fuskarka.

Haka taguwar babana take.
Agali, mai raƙuma goma sha bakwai,
mai kai kantun gishiri daga Bilma.
Shi ma yakan ce, dabba ta san awonta,
ɗan Adam ne bai san nasa ba.
Shekarar fari ta cinye su ɗaya ɗaya.
Ta ƙarshen ya zauna kusa da ita har ta yi sanyi,
ya kwance akalar, ya sa a aljihu,
ya biyo motar shanu zuwa kudu.
Akalar na nan cikin akwatina.
Ban taɓa jan komai da ita ba.

Fadimata ta ce har dankalin da Ngo Kaneng
ke kasawa a Farin Gada,
asalinsa daga duwatsun nan ne,
mu kuma muna ce masa na Turawa.
Ta ce da baƙin suka ga azurfa a ƙarƙashin ƙasa,
bayan lama suka ɗora wa.
Na tuna ramukan kuza da ke bayan unguwarmu,
cike da koren ruwan da ba a sha.
Ban ce komai ba, na ƙara sukari.

An ce zumunta a ƙafa take.
To ni ba ni da kuɗin jirgi,
ita kuma ba ta san Rayfield ba.
Sai ga shi ta aiko da gashinta,
ya bi ta jikin wani da ban sani ba,
ya sha wanki, ya sha teku, ya sha dila,
ya iso ga ɗan madugun da ba shi da ko akuya.

Ƙarfe uku na dare.
Karen maigida ya yi barci, janareta ya mutu.
Na cusa hanci cikin wuyan rigar,
ina neman warin zango.
Sabulu kawai nake ji.
Amma akwai ɗumi.