Allon Arzika

Shekara ashirin ina rubuta alluna a Sakkwato.
Na zana kaji ga mai kaji, tabarau ga mai tabarau,
na zana aski iri goma sha biyu
a bangon wani shago a Mabera.
Hannuna ya san fenti yadda harshe ya san gishiri.

Wata Laraba, rana ta take tsaka,
irin ranar garinmu mai tausasa kwalta,
sai ga Arzika baduku a bakin rumfata
yana murza kekensa da hannu,
damatsa kamar na ɗan dambe,
ƙanshin jima da bagaruwa na biye da shi.
Ya ce, "Allo nika so, babba,
wanda za a hango tun daga titi.
Sa takalma, sa jakunkuna, sa ni."

Kwana uku ina yi masa abin da na zaci gata ne.
Na ba shi hula mai kyau, na gyara masa gemu,
sannan na zana tebur a gabansa,
na lulluɓe shi da shuɗin ƙyalle har ƙasa.
Keken ya ɓace. Ƙafafun suka ɓace.
Na ja da baya, na yaba wa kaina.

Da ya dawo ya daɗe yana kallo.
Har mai shayin gefe ya bar fifita wuta.
"Nomau, wanga mutum wane ne?
Daga wuya zuwa sama dai mun yi kama."
Na ce, ai na ga kamar, don masu saye...
Maganar ta maƙale mini kamar ƙayar kifi.

Ya ce, "Bara wasu sun zo da mota da kyamara,
suka ce in tuɓe agogo, in sadda kai,
in ɗan miƙa hannu, wai hoton zai fi taɓa zuciya.
Na ba su ruwa, na nuna musu hanya.
Su ƙafafun suka so, ba ni ba.
Kai ni ka so, ba ƙafafun ba.
Kowanenku rabi ya taya,
ni kuwa ba a saye na rabi."

A daren na kankare teburin.
Na zana keken yadda yake,
jan fentin da ya soma kwailewa,
ƙararrawar da ya ɗaure da tsirkiyar fata,
siraran ƙafafu a naɗe kan katako,
basilla a hannun dama,
da ido mai duban mutum kai tsaye
kamar zai faɗi farashi.
A ƙasa na rubuta abin da ya ce in rubuta:
BAN TAƁA SA TAKALMI BA,
AMMA NAWA BA YA CIZO.

Mun kafa shi kusa da Tsohuwar Kasuwa.
Masu kabukabu na karantawa su yi dariya,
wasu su wuce, wasu su juyo su tambayi lamba arba'in da biyu.
Akwai dattijon da ya ce bai dace ba,
ya yi tsaki, ya sayi biyu.

Abin da na gani da idona shi ne wannan:
wata yarinya, Tumba, mai ƙarfe a ƙafar hagu,
wadda ke jan zane har ƙasa don ya rufe,
ta tsaya gaban allon, jakar boko a baya.
Ta shiga ta ce tana son takalmi,
ɗaya ya fi ɗaya tudu.
Arzika ya ɗauko baƙar fata.
Ta ce, "A'a. Ja. Wanda za a gani."

Ni ma na sayi nawa, bai rage mini ko sisi ba.
Wata takwas ke nan.
Har yau bai cije ni ba.