Kwana Talatin da Ɗaya

Ni na ƙirga daga ranar da wasiƙar ta shigo hannuna.
Su sun ƙirga daga ranar da alƙali ya sa hannu.
Tsakanin ƙirgana da nasu
kwana huɗu ne ambulan ya yi a hanya,
yana kwana a buhun gidan waya
ni kuma ina ninke zannuwan gado
a ɗakin wankin asibitin Youngstown,
daga goman dare zuwa asuba.

Ranar da na je, dusar ƙanƙara ta ci bakin titi.
Bas ya makara. Ban damu ba,
a lissafina saura kwana uku.
Misis Halvorsen da ke bayan kanta
ta karɓi takardar, ta ɗaga ido ga kalanda,
ta daɗe a can.
Sannan ta buga hatimi.
Ba ta ce mini komai ba,
an hana su ba da shawara.

Na haɗa fayil mai kauri kamar bulo:
rasit ɗin maganin asma na Tobiah,
takardar malamarsa da ta ce ya fara karatu da ƙarfi,
hoton ɗakin da na shafe da shuɗin fenti
don shi ya zaɓi launin,
da shaidar na bar giya wata goma sha tara.
Na sa wa kowane shafi lamba da hannuna.
Sau biyu na yi, don na farko ya karkace.

Amsar ta zo a layi uku.
An shigar bayan wa'adi.
Kotu ba ta da hurumi.
An kori ƙara.

Ba su ce ƙarya na yi ba.
Da sun ce haka, da na san abin da zan musa.
Ba su ce uban ya fi ni ba.
Ba su buɗe ba.
Shuɗin ɗakin yana nan a shafi na arba'in da biyu,
ba idon da ya sauka a kansa.

Lauyan agaji ya ce, cikin taushin murya,
wa'adi shi ne ke sa shari'a ta ƙare,
in ba haka ba yaro zai girma a zauren kotu.
Na yarda. Gaskiya ce.
Amma gaskiya ma takan taka mutum ta wuce.

Yanzu Asabar ɗaya nake da ita cikin biyu,
daga tara zuwa biyar.
Nakan isa ƙofar gidan uban tun takwas da rabi,
in tsaya a gefen titi ina hura hannuwana.
Jiya Tobiah ya leƙo ta taga, ya buɗe,
ya ce, Mama, me ya sa kullum kike riga lokaci?

Na ce masa, sa hularka, akwai sanyi.