Ruwan da Ba Ya Barci

Babana kura ya tura, jarka goma sha biyu,
daga famfon Takalau zuwa Rafin Atiku.
Lissafinsa a kafaɗa yake:
in ta yi tsami da magariba, an yi ciniki.

Ni da rasit na fara.
Ofishin ruwa, kujera mai ƙafa ɗaya kan bulo,
ina kwafar sunaye daga littafin da gara ta riga ni karantawa.
Wasu sun rasu tun ina goye, bil bai daina zuwa musu ba.
Wani gidan ɗaya ne, sunansa uku.
Wani ya shekara tara yana wanka
littafi bai san an haife shi ba.

Kwamfutar ta gwanjo ce, daga hannun Shafa'atu,
harafi ɗaya ya fita, sai da tsinken sakace.
Datar dare nake saye, ita ce mai araha,
ina koyon jera lambobi kunya-kunya kamar gonar gero,
in cire ciyawa, in bar abin da zai yi zangarniya.
Jarrabawar farko na faɗi.
Ban gaya wa kowa ba sai yanzu.

Abin da darasi bai faɗa ba:
lamba ma tana ƙarya idan mai rubuta ta ya sha rana.
Modi mai duba mita ya cike shafi a gindin dogon yaro,
har wata uku gidajen Gesse suna sha daidai wa daida.
Ban kai ƙara ba.
Na bi shi yini guda a ƙafa, takalmina ya tsinke kafin azahar.
Tun ranar na bar zagin lamba daga inuwa.

Ƙarfe biyun dare gari yakan rufe famfo.
Mai shayi ya kife kofuna, masu wanki sun shanya,
layin da ke kan allona ya kwanta
kamar akuyar da ta ƙoshi da harawa.
Kowace shiyya tana kwanciya
ban da Badariya.
Dare arba'in a jere ruwa na tafiya can,
ba mai alwala, ba mai girki.
To wa ke sha?

Na kai wa Baba Dantani,
shekara talatin yana ɗaura bututu a garin nan.
Ya riƙe takardar sama a ƙasa.
"Ɗiyata, mi wanga zane ya sani ga ƙasa?"
Amma da dare ya ɗauko sandar ƙarfensa,
ya kafa ta, ya ɗora kunne, ya rufe ido.
Ni na rage masa garin zuwa layi uku,
shi ya rage layin zuwa taku biyar.

Bayan makarantar firamare,
wata gwanda ce kore shar a tsakiyar bazara.
Gaba ɗaya da rabi aka haƙa,
ruwa ya taso yana dariya,
ɓarawon da ya gaji da ɓuya.

Yanzu ina da tebur mai ƙafa huɗu
da yara biyu masu bautar ƙasa suna ce mini Hajiya,
ni da ko Kano ban wuce ba.

Ran Juma'a Baba ya tambaye ni, karo na nawa,
wai ainihin aikin nawa mene ne.
Na ce ruwa nake kai wa mutane, irin naka,
sai dai rigata ba ta jiƙewa.
Ya daɗe yana murza gwiwa.
Ya ce, "An ce famfo ya dawo Badariya.
Nomau ya jingine kurarsa, kwana shida ke nan."
Ya yi dariya, ba duka ba.

Na koma ofis na buɗe jadawalin.
Na duba daga dama zuwa hagu,
babu gidan da zan rubuta Nomau.
Na ƙara ɗaya a ƙarshe.
Har yau ban sa masa suna ba.