Ɗan Mai Faci

Ubana faci yake yi a bakin titin Agege,
da rabin duro na baƙin ruwa a gabansa.
Yakan danna tiyub a ciki, ya tsuguna ya jira.
Inda kumfa ta taso, nan hujin yake.
Ni ban taɓa ganin hujin da idona ba,
kumfar kawai nake gani.

Yau ga shi ni ma faci nake yi,
a hawa na biyu, a Akoka,
tagata na kallon ruwa da kwalekwalen masunta.
Babu gam, babu baƙin mai a farce,
sai ɗalibai a layi,
kowa ya rungumo kwamfutarsa kamar ɗa mai zazzaɓi.

Barira ta zo ran Talata,
ruwan sama ya jiƙa mata gefen mayafi.
"Malam Mudi, an rufe mini ƙofa.
Gobe ƙarfe goma zan miƙa babi na uku,
intanet ɗin makaranta ya ce bai san ni ba."

Na buɗe, na duba, na yi shiru.
Wata goma sha ɗaya rabonta da sabuntawa.
Kullum saƙo ya fito, sai ta danna "an jima".
An jima ta haifi gobe,
gobe ta haifi bayan jarrabawa.

Ta ce, "Data fa kuɗi ce.
Ta hannu na saya a Ikeja,
mutumin har rantsuwa ya yi lafiyarta ƙalau.
Kuma ni me na ajiye da ɓarawo zai so?
Hotunan sunan ɗan yayata?"

Na ce ba ke yake nema ba, hanya yake nema.
Sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga,
wannan kuwa ba ya zama ɗaki ɗaya.
Daga taki ya tsallaka ta Morenike,
ya ratsa laburare,
ya leƙa inda ake ajiye sakamakonku.
Bara wake ɗaya ya ɓata mana gari:
kwana huɗu a nan muka kwana, ni da Oga Bankole,
burodi da ruwan leda,
matarsa na kira yana kifa wayar.

Ta ja kujera. Muka jona.
Kashi uku. Kashi bakwai.
Aka ɗauke wuta,
janareta ya yi tari sau biyu kafin ya yarda.
A talatin da ɗaya abin ya tsaya cak
kamar gosulon doguwar gada ran Juma'a.
Allo ya ce kada a kashe.
Ta ce, "Wa ya ce zan kashe?"
alhali yatsanta na kan maɓallin.

Na je la'asar na dawo, tana nan,
ta tara ɓawon gyaɗa a kan takardar babi na biyu.
Shida saura kwata kwamfutar ta mutu ta farfaɗo,
ta sake mutuwa, fanka na huci,
sai ƙofa ta buɗe.
Ba guɗa, ba ganga.
Ta fita tana lissafin kuɗin danfo,
in ta yi godiya, ruwa bai bar ni na ji ba.

Ban riƙe ta ba.
Wane direba ne ya taɓa komawa wurin Baba
ya ce, "Malam, yau ma tayar ba ta fashe ba"?
Aikinmu in ya yi kyau, shiru ake ji.

Da dare na kira shi.
Ya ce, "Guda nawa yau?"
Na ce ashirin da uku.
Ya ce, "Ka dai gwada su a ruwa?"
Na yi dariya, na ce na gwada.

Muna gamawa saƙo ya hau wayata:
akwai sabuntawa, yanzu ko an jima?
Na daɗe ina kallonsa.
Caji saura kashi tara,
kuma unguwarmu babu wuta.